Baba Lado Mai Firem da Yarinyar da Ta Juya Baya

Duk wanda ya saba bin layin masu katako da gilashi a unguwar Murabba ta birnin Riyad da hantsi ya san ƙarar ƙofar shagon Baba Lado. Ƙofar ƙarfe ce mai taurin kai, sai an ɗan doke ta da ƙafa kafin ta yarda ta hau sama, kuma shekara da shekaru mai shagon, Abu Nawaf, yana cewa bukra in sha Allah, wato gobe, za a gyara. Baba Lado zai ɗaga ta da bismilla, ya share dusar katakon jiya, ya ɗora butar shayi, sannan ya shimfiɗa wani tsohon bargo mai ruwan toka a kan teburin aiki ya lallashe shi da tafin hannu. A kan bargon nan ake kwantar da duk abin da aka kawo a sa wa firem: Ayatul Kursiyyu da aka rubuta da ruwan zinare, takardar gama karatu, hoton raƙuma, hoton angwaye. Kowanne a kife yake kwantar da shi, fuska a ƙasa, domin aikin mai firem ta baya ake yin sa.

Ƙarshen watan nan zai bar Riyad. An riga an buga masa huruj niha'i, wato fitar da babu dawowa, zai koma Tasawa ta ƙasar Maraɗi bayan shekara ashirin da ɗoriya a bakin teburin nan. Ba korar sa aka yi ba, idonsa ne ya gaza. Na duba na ga babu mai shirya masa walima, babu mai ba shi takardar yabo, kuma ko an ba shi ma, shi za a kawo wa ya sa mata firem. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sunana Ridwan, Bazazzagi ne ni, karatu ya kawo ni garin nan. Ranar da na fara shiga shagonsa na zaro takardar shaidata ta farko daga aljihun jallabiya, a naɗe. Ya karɓa ya juya ta, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ustaz, wagga takarda ce ko ƙunshin tsire? Shekara nawa ka yi kana wahala kanta, kaz zo ka tura ta aljihu?"

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, don a lokacin ji nake duk Riyad babu mai ilimi kamata. Tun daga ranar shagon ya zame mini wurin zuwa. Idan kaina ya ɗau zafi da littattafai, sai in shiga bas in je in zauna a kan wani akwatin gilashi, in sha shayinsa mai sukarin da likita ya hana shi, ina kallon yadda yake haɗa kusurwa huɗu ba tare da ko tsinin allura ya samu wurin shiga ba.

Ba gwanintar hannu kaɗai ta sa nake jinjina masa ba. A layin akwai waɗanda suka fi shi injina, akwai waɗanda suka fi shi sauri. Amma matan Larabawa daga unguwar Suwaidi suke tsallake shaguna su kawo masa hotunan gidansu, saboda an san Baba Lado ba ya kallon fuskar iyalin mutane. A kife yake karɓa, a kife yake aunawa, a kife yake rufewa, ya naɗe a takarda ya miƙa. Na taɓa tambayarsa yadda yake sanin sama da ƙasa. Ya ce mai hoton ne ke ɗora masa yatsa a kan saman, shi kuma ya yi alama da fensir, halas.

Ga kuma guntayen katako da ake zubarwa. Baba Lado ba ya zubar da su. Je ka ɗakunan 'yan'uwanmu masu sauke kwandunan tumatir da albasa a kasuwar Aziziyya, ka ɗaga kai ka dubi bango. Za ka ga ƙananan firem, wani gefe ɗaya ruwan zinare gefe ɗaya baƙi, kowanne da fuskar yaro a ciki. Rabilu, wani ɗan Maraɗi mai aikin dako a can, ya ce da ni hoton ɗansa ya yi shekara biyu a aljihun rigarsa har gumi ya fara cin kunnen yaron. "Baba Lado yag gani ina hiddo shi," in ji shi, "yac ce kawo nan, kai za ka kashe shi da zuhwa. Da Juma'a ta zagayo yab ba ni shi cikin gilashi." Irin su Rabilu suna da yawa, ban ma san adadinsu ba, shi ma bai sani ba.

Kai ne ka rataya 'ya'yan mutane a bangon iyayensu, Baba Lado, ka sa leburan da ya dawo a gajiye ya samu fuskar da zai yi wa sallama. Amma ni na shiga ɗakinka, na ga bangonka. Kalandar sallah ce kaɗai da ƙusar rataya hula.

Dalilin haka sai bara na san shi. Ya fara laluben guduma tana gabansa, sai na raka shi wurin likitan ido don in yi masa tafinta. Likita ya ce ciwon suga ya ci tsakiyar ganinsa. Duk abin da ya kalla kai tsaye, wani duhu ne ke zama a kansa, gefe da gefe ne kawai ke fita. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, duhun kuma faɗi yake ƙarawa. Muka fito muka tsaya jiran mota a cikin rana. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ustaz, ni hwa ban san huskar yarinyar nan ba."

Na san wadda yake nufi. 'Yarsa ta fari ce. Sauran 'ya'yansa yana kiran sunansu, yana yi musu faɗa a waya, yana tambayar karatunsu. Ita kuwa "yarinyar nan" ce, ko da yake ta yi aure har da 'ya'ya uku. A gidan da ya tashi, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya tsura masa ido a gaban mutane. Alkunya ce, kuma mu duka mun san ta. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta zuwa ɗakinta a cikin gida guda. Tana 'yar shekara biyar ya taho Saudiyya. Zuwansa gida kaɗan ne, kuma in ya je, ta durƙusa daga bakin ƙofa kanta a ƙasa, shi kuma ya amsa gaisuwa yana kallon bango. Da wayar bidiyo ta zo, in ƙannenta suka ce ga Yaya nan, sai ya kife wayar a kan bargo ya ce a gaishe ta. Sunanta ba zan rubuta ba tukuna, don ba ni ya kamata in riga faɗa ba.

Na ce masa, "To Baba, ai ga waya. Yau ma sai a kira."

Ya ce, "Kai yaro ne." Motar ta zo muka shiga.

Ana cikin haka Duktura Solomiya ta zo shagon. Likitar yara ce a wani asibiti a nan Riyad, 'yar ƙasar Yukren, mace mai kimanin shekara hamsin, doguwa, ba ta da yawan fara'a. Ta shigo rungume da wani abu dogo a naɗe cikin labulen taga. Larabcinta na asibiti ne, nasa na kasuwa, don haka da magana ta yi zurfi sai aka juyo gare ni in riƙa juya Turancinta zuwa Hausa.

Zanen fenti ne a kan ƙyalle, aikin mahaifinta, Miron, wanda ya rasu a birnin Odesa a cikin yaƙin nan da ake yi. Ba harsashi ne ya kashe shi ba, tsufa ne da sanyi, amma ba ta samu zuwa jana'izarsa ba. Bayan rasuwarsa wani abu ya fashe kusa da gidan, tagogi suka zube, ruwan sama ya shiga ya lalata yawancin aikinsa. Wata maƙwabciya ce ta yanke wannan ɗaya daga katakonsa ta naɗe shi da gaggawa, fentin ta ciki, ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har ya iso. Busasshiyar iskar Riyad ta ƙarasa shi, ya ƙage kamar ƙirgi. Da Duktura ta gwada buɗe bakinsa a gida, sai fentin ya fara zubowa ɓarɓashi.

Baba Lado ya shafa shi da yatsa ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, shi kafinta ne, a nemo masu ilimin abin. Aka nemo wata ƙwararriya mai gyara wa gidajen tarihi kaya. Ta zo ta duba, ta ce zai buɗu, amma sai an ba shi danshi kaɗan kaɗan, a riƙa warware shi faɗin yatsa a yini, ana kama duk fentin da ya ɗaga da wani gam na musamman. Ta nuna yadda ake yi, ta ce ita ba ta da makonnin da za ta zauna a kansa, ana bukatar mai haƙuri. Kowa ya juya ya dubi Baba Lado.

Tsakiyar zafi ne, irin zafin Riyad da ke sa kwalta ta yi laushi. Ya kashe mukayyif na ɗakin baya, wato na'urar sanyi, don tana busar da iska, ya rataya jiƙaƙƙun tawul, ya rufe ƙofa. Abu Nawaf ya yi ta mita, wallahi ya Lado za ka mutu a ciki, amma bai hana ba. Kullum bayan la'asar yakan shiga ya fito rigarsa sharkaf. Da yatsu yake aikin fiye da ido. In yana son ganin wani wuri, sai ya karkata kai gefe ya hango shi ta wutsiyar ido, dabarar da ciwon ya koya masa.

Mu ɗalibai mun iya muhawara a kan hoton mai rai, kuma ba ita ta tara mu yau ba. Ni dai na samu kaina ina zuwa kusan kullum don in ga abin da ya fito. Daga ƙasa zanen ya fara buɗewa. Da farko daɓen tsakar gida, toka-toka, da ɗan kwantaccen ruwa. Bayan kwanaki sai ga takalma biyu ƙanana, ɗaya ya cinye ta dunduniya. Sai safa, ɗaya a sama, ɗaya ta zame ta taru a idon sawu. Sai bokiti da ya fi mai riƙon girma, da famfo a tsakiyar gida, da igiyar shanya. Sai riga shuɗiya mai faci. Babu abin da aka zana daidai yadda ido ya saba: bangon ya karkato kamar zai faɗo mata, hannunta siriri ƙwarai, launin duka irin na bango mai laima. Amma kana gani ka san yarinya ce da aka aika ɗebo ruwa ba ta so. Baba Lado ya riƙa cewa, "Saura ƙiris mu ga huska." Duktura tana zuwa duk ranar hutunta, ta ji yana faɗa, ta ci gaba da kallon zanen.

Ranar da kan ya fito muna nan mu uku. Babu fuska. Yarinyar ta juya baya, ƙeyarta ce kawai da jelar kitso guda a karkace.

Duktura ta zauna a kan akwatin gilashin da nake zama, ta yi mana bayani ina fassarawa. Ta ce a zamanin Tarayyar Sobiyet hukuma tana da irin yaran da take so a zana: masu jan ƙyalle a wuya, kumatu cike, furanni a hannu, kowa yana dariya don a ga ƙasa tana lafiya. Mahaifinta yana cikin masu zanen da suka ƙi bin wannan layi. Su yaran da suke gani suke zanawa, wanda ya gaji a layin burodi, wanda aka bari shi kaɗai a tsakar gida, wanda ya yi tagumi a taga. Saboda haka ba a rataya aikinsu a zauren nuni ba. A ɗakunansu suke nuna wa juna, labule a sake. Shi Miron da iza wutar tanderun da ke ɗumama gidaje ya ci abinci, zanen kuma a kan duk ƙyallen da ya samu.

"Masana sun ce juya bayan nan ƙin biyayya ne," in ji ta. "Sun ce ya hana hukuma dariyar yaro. Wataƙila haka ne. Amma ni ce yarinyar nan. Shekarata shida, ban san wata hukuma ba. Abin da na sani shi ne babana ya zana ni sau da yawa, bai taɓa zana fuskata ba. In na juyo na dube shi sai ya ce je ki yi wasa. Na girma ina ganin fuskata ce ba ya son gani. Na bar gida ban tambaye shi ba, yanzu kuma babu wanda zan tambaya."

Ta faɗi haka ido a bushe.

Baba Lado ya daɗe a sunkuye a kan zanen, kai a karkace, yatsansa yana bin ƙeyar yarinyar a hankali. Sai ya tsaya a wuri guda.

"Ustaz, tambaye ta, tana da tabo bayan kunnen hagu?"

Na tambaya. Ta kai hannu ƙarƙashin mayafinta ta taɓa wurin, ta ce ƙofar ƙarfe ce ta yanke ta tana ƙarama, ita ma ba ta taɓa ganin tabon ba sai dai ta ji shi. Ta tashi ta duba. Ga shi nan, ɗan ɗigon fenti fari da bai kai ƙwayar gero ba.

Ya ce, "Hwaɗa mata ni ban san ubanta ba, Allah kaɗai ya san zuciyatai. Amma na san wani uba. Shi ma bai kallon huskar ɗiyatai. Sai ta juya za ta hita, sannan shika ɗaga kai. Ya san takalminta na dama shika hwara cinyewa. Ya san tana da tabon wuta bayan ƙwauri, garwashi yat tashi daga murhu tana rarrahe. Ya san in anka yi mata kitso tsagar ba ta tahiya daidai, don ba ta zama wuri guda. In tad ɗauki tulu kahwaɗarta ta hagu ka sauka. Wanga duka daga baya anka gane shi. Wanda bai so, bai ganin irin wanga."

Na fassara har ƙarshe. Duktura ta rufe fuska da hannu biyu ta yi kuka, kukan da ina jin tun rasuwar tsohon take riƙe da shi. Muka bar ta. Ni a raina na ce shi ke nan, Baba Lado ya yi sadakar da ta fi duk firem ɗin Aziziyya, sai a tashi. Ashe da sauran magana.

Ta share ido ta ce, "Yaya sunanta?"

Baba Lado ya juya ya shiga gyara tawul ɗin da ba abin da ya same shi. Dole ni na yi mata bayanin alkunya, na ƙawata shi iyakar iyawata: kara ce ga iyaye, kunya ce, ladabi ne, ba ƙiyayya ba. Ta saurara har na gama, sai na ga fuskarta ta canza. Ba ta jira tafinta ba, ta juya gare shi da Larabcinta mai gargada.

"Hiya ta'rif? Ita ta sani?"

Ya ce ai kowa ya san al'ada.

Ta dawo Turanci, ta ce in faɗa masa kalma da kalma kada in rage. "Ni ma an yi mini bayani. Masana sun yi mini bayani mai kyau. Shekara arba'in da ɗoriya ina ɗauke da abin nan, sai yau wani baƙo ya nuna mini ɗigon fenti, mai ɗigon kuma yana cikin ƙasa. Ubana ya bar mini zane. Kai me za ka bar mata? Kana da rai, tana da rai, kana tsaye kana gyara tawul."

Ban rage ba. Na ji nauyin faɗa wa dattijo haka, amma ban rage ba, don ni ma abin ya daɗe yana ci mini rai.

Makon ya wuce bai nemi 'yarsa ba. Ya ja zanen a kan sabon katako, ya yi masa firem siriri na itace mara ado, ya ce wannan yarinya ba ta son ruwan zinare. Duktura ta zo ta ɗauka, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce masa, "Ammu Lado, kallim bintak," wato yi wa 'yarka magana. Ya ce in sha Allah, irin in sha Allah ɗin Abu Nawaf da ƙofa. Ni kuma na zame masa ƙarfen ƙafa. Ya ce tsohuwarsa da ta reni yarinyar ba ta jima da rasuwa ba, kada a ce yana jira ne ta kau. Ya ce mutanen Tasawa za su ce Lado ya je Makka ya zubar da kunya. Ya ce ya bari sai ya koma gida. Na tuna masa abin da likita ya ce game da duhun nan mai faɗi, na ce ba mu san abin da zai rage ba kafin jirgi ya sauka. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Na yi fushi na ɗauke ƙafa kwana biyu, na kuma dawo, don shayinsa ya fi na ɗakin kwananmu.

Wata Juma'a bayan la'asar, layin shiru, shaguna rabi a rufe, na tarar ya sa farar jallabiyarsa ta masallaci bai cire ba, ya share teburin tas. Ya miƙo mini waya.

"Nemo ta. Ba ta hannun ƙannenta ba. Ita."

Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Sai ga mace a tsakar gida, da goyo, hannunta da kumfar wanki, ta jawo gyale da sauri. Tana ganin lambar mahaifinta da fuskar baƙo sai ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Malam, mi ya samu Baba? Hwaɗa mani gaskiya."

Abin da ya fara zo mata ke nan, don a iya saninta mahaifinta ba zai neme ta ba sai dai a neme ta a kansa. Na ce lafiya lau, ga shi nan, na sa masa wayar a hannu. Tana ganinsa ta durƙusa a wurin, ta sunkuyar da kai, ta shiga jero gaisuwa. Ya ce ta ɗago. Ta ɗago a tsorace.

Ya kawo wayar daf da fuskarsa ya tsura mata ido, karo na farko a rayuwarsa. Ina tsaye a gefensa, na ga lokacin da ya gane. Yana ganin gefen gyalenta, yana ganin bangon gidan da igiyar shanya, tsakiyar kuwa, inda fuskar take, duhun ya zauna a kai. Ya matsar da wayar, ya dawo da ita, ya goge gilashin da hannun riga. Sannan a hankali ya karkata kansa gefe, ya mai da dubansa wajen bango, don ya samo ta ta wutsiyar ido.

Ita kuwa abin da ta gani shi ne abin da ta saba gani tun tana yarinya: Baba ya kau da kai. Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta ce da ƙaramar murya, "To Baba, bari in kira maka ƙannena su Bachir."

"Zouera."

Ta tsaya cak.

"Zouera, ba kau da kai nika ba. Idon ne yal lalace, ta nan kaɗai nika ganin ki. Tsaya yadda kike. Kada ki motsa."

Ta tsaya. Hawaye yana zuba ba ta share ba, don an ce kada ta motsa. Ya daɗe a haka, fuskarsa a bango, yana kallon 'yarsa. Abin da ya samu kaɗan ne, ya gaya mini daga baya, inuwa-inuwa ce, kamar mutum a bayan labule. Amma ya ce, "Goshin tsohuwa gare ki." Sai kuma ya tambaye ta ko tabon wutar nan na bayan ƙwauri yana nan. Ta ce, "Baba, ka san da shi?" Daga nan na fita waje na ja musu ƙofar nan mai taurin kai.

Ba zan yi muku ƙarya in ce abin ya zo a kan lokaci ba. Da ya kira shekara biyu da suka wuce, da ya ga fuskarta sarai, ya tafi da ita duk inda duhun zai kai shi. Wannan ya wuce, kuma yana yi mini ciwo har yanzu da nake rubutu. Ban kuma zo zagin alkunya ba, a cikinta aka rene ni, na san kyanta. Sai dai na ga abin da ta ci a gidan mutum guda, na ga kuma irin abin a gidan wani mai zane a Odesa da bai taɓa jin sunan Tasawa ba.

Baba Lado, na Murabba, mai aiki ta bayan hoto. Kai ne ka tsare mutuncin gidajen da ba ka taɓa shiga ba. Kai ne ka zauna cikin zafi ka warware wa marainiya ƙuruciyarta faɗin yatsa a yini, ka nuna mata abin da ubanta ya kasa faɗa. Kai ne kuma, da furfurarka, ka yarda mace baƙuwa ta yi maka faɗa, ka ɗauki faɗan. Wannan na ƙarshe ya fi mini duk sauran wuya, shi na fi jinjina maka a kai. Mun gode. Duktura Solomiya ta ce in gaya maka zanen yana ɗakin da take duba yara, kuma yaran sukan zagaya bayansa wai su ga fuskar yarinyar. Rabilu da mutanen Aziziyya sun ce a yafe musu guntayen katako. Allah ya kai ka gida lafiya, ya tsayar da duhun nan inda yake, ya sa aikin hannunka a mizani.

Ku kuma 'yan'uwana da ke warwatse a garin nan, ɗalibai da lebura da direbobi, ku yi koyi da shi a riƙon amana da haƙurin aiki, amma kada ku yi koyi da shi a jinkiri, shi da kansa ya ce in rubuta haka. Wanda ya bar ɗa a gida, ya kira shi yau da idonsa biyu, ya kira shi da sunansa.

Jiya na je taya shi ɗaure kaya. Guduma da zarto ya bar wa shago. Abu guda ya naɗe a cikin tsohon bargon: wani ɗan firem na guntaye, gefe biyu ruwan zinare, gefe biyu baƙi, babu komai a ciki. Ya ce in ya isa za a ɗauke su hoto shi da Zouera a sa. Na ce, Baba, ai ba za ka gani ba. Ya ce, "Ita za ta gani."